Shatin Yatsanka a Jikin Jirgin Jikarmu

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran aminina kuma surukina, mutumin da duk bakin ruwan nan ya sani da Mai Tsumma. Ya cika a rumfar aikinsa da ke bayan gidansa, yana zaune a kan benci, kofin shayi a gefensa, tsumma a kan cinyarsa. Bai yi jinya ba, ko ciwon kai bai ce yana yi ba. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinsa muka nufa; a wannan safiya shi aka kira. An yi masa sutura bayan la'asar. Ya bar matarsa, da ɗa namiji, da 'ya'ya mata biyu, da jika guda wadda ta zo duniya ana gobe zai bar ta. Bai gan ta ba.

Ni matuƙin jirgin fito ne, ina kai mutane ƙetare ina dawo da su. Ɗansa ne ke auren 'yata, saboda haka jikar nan tamu ce mu biyu. 'Yan ƙungiyarmu ta masu jirage suka ce ni ya kamata in rubuta wani abu a kansa, tunda na fi kowa daɗewa da shi. Na amsa. Amma da na zauna sai na ga ban iya yin zancensa a bayan idonsa ba. Don haka ku yi mini haƙuri, da shi zan yi magana, ku kuma ku saurara.

Aboki, ka tuna haɗuwarmu? Lokacin jiragen faiba suka fara shigowa ruwan nan. Mu da muka tashi da jirgin katako, abin da muka sani shi ne a kankare, a toshe, a shafa fenti. Mai jirgin da nake tuƙa wa ya kawo sabo, fari fes. Bayan 'yan makonni gansakuka ta kama ƙasansa, ni kuwa na janyo shi gaɓa, na samu soson ƙarfe da yashi na duƙufa. Sai na ji an riƙe mini hannu ta baya. Ko sallama ba ka yi ba. Ka ce, "Bawan Allah, me ya yi maka?" Na ce wanka nake yi masa. Ka ce, "Haka kake yi wa 'ya'yanka wanka?"

A ranar ka zaunar da ni ka yi mini bayanin da har yau ban manta ba. Ka ce jirgin faiba zaren gilashi ne da aka haɗa da danƙo, sannan aka lulluɓe shi da wata fata mai santsi wadda kaurinta bai kai na farce ba. Launin da nake gani ba fenti ba ne, a cikin fatar yake. Idan fatar ta tafi, ruwa zai riƙa ratsa zaren a hankali, ƙuraje su feso a ƙasan jirgi, wata rana a tsakiyar ruwa mutum ya ji ƙafarsa ta jiƙe. Ka ce inji kowa yana kula da shi saboda yana kuka in ya ji ciwo, ita kuwa fata shiru take yi. Ka kwashe rabin yini kana gyara ɓarnar da na yi. Da muka gama na tambaye ka sunanka, ka ce in tambayi kowa. Na tambaya, aka ce Mai Tsumma.

Sunan kuwa ya kama ka. Ban taɓa ganin kafaɗarka ba tsumma ba. Ko masallaci za ka shiga sai dai ka cusa shi a aljihu, bakinsa na leƙe. Ba kowane tsumma ba, sai tsohuwar singileti ta auduga wadda ta sha wanki ta yi laushi. Duk unguwa an san in singileti ta tsufa gidanka za ta. Ana tsakiyar gaisuwa ka kan kama bakin rigar mutum ta ciki ka murza, ka ce, "Wannan ta kusa zuwa wurina." Da hannunka kake wanke su, ka shanya a igiyarsu daban. Wanda ya faɗi ƙasa kuwa ya gama aiki a ranar, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta zana jirgi daga gaba har baya.

Aikinka yana da tsari, ba ka kuma taɓa tsallake wani abu a ciki don wani yana sauri ba. Ka fara wanke jirgi daga sama zuwa ƙasa da ruwa mai tsabta da sabulu mai sauƙi. Garin sabulun wanki ka hana mu shi, ka ce yana cinye man da ke kare fata. In ya bushe sai ka shafa tafin hannunka a jiki ka duba. Idan hannun ya fito da fari kamar ka taɓa alli, to rana ta fara cin fatar, sai ka bi ta da man gurza, mai ɗan yashi-yashi a ciki, a hankali, har launi ya dawo. Bayan nan sai man sheƙi, mai kauri kamar kakin zuma, wanda shi ne rigar jirgi daga rana da ruwa. Shi wannan dokokinsa sun fi yawa. Ba a shafa shi a rana. Ba a shafa wa jirgi duka a tashi ɗaya, sai iya inda hannu ya kai, ana zagayawa da tsumma kaɗan-kaɗan. Sannan a jira ya dusashe ya yi fari-fari. Kai ba ka duba agogo, kofin shayi ɗaya shi ne ma'auninka. In ka kusa shanyewa sai ka tashi ka ja yatsa a kan man. Idan yatsan ya bar layi tsaf, launin jirgi na ƙyalli a ƙarƙashi, ya isa gogewa, sai a bi shi da tsumma mai tsabta. Abin da ka fi ƙi a duniya shi ne a bar mai ya kwana a jikin jirgi. Na taɓa ganin ka bar baƙi tsaye a ƙofar gida ka ruga rumfa, saboda ka tuna wani ɗan wuri da ba a goge ba. Ka ce in tsautsayi ya sa ya kwana, muddin rana ba ta gasa shi ba, sabon mai ake ɗora wa tsohon ya tausasa shi. In ta gasa shi kuwa, sai gurza, ita kuma gurza cin fata take.

Ba zan ce kowa ya ji daɗinka ba. Aikinka da jinkiri, kanka da tauri, bakinka kuma ba ya jiran kowa. Masu jirage da dama sun yi fushi sun janye jiragensu, sun kai wa masu injin gogewa waɗanda ke gamawa kafin azahar. Ba ka taɓa riƙe kowa ba. In suka dawo da fatar da inji ya ƙona, ka kan karɓa, bayan ka faɗi maganarka ɗaya ko biyu.

Akwai masuncin da muke kira Dogo. Ya kawo jirginsa a shafa masa mai ranar da kifi ya yi yawa, yana sauri ya bi 'yan'uwansa. Kana cikin shafawa hannunka ya tsaya a wani wuri, ƙasa da inda ruwa ke kaiwa. Ido bai ga komai ba. Ka danna da babban yatsa, ka ƙwanƙwasa, ka ce jirgin nan ba zai shiga ruwa yau ba. Dogo ya rantse sai ya tafi. Ba ka yi musu da shi ba, ka hau cikin jirgin ka harɗe ƙafa, ka ce to ya tura da kai. Ya zage ka, ka ce ka ji. Da yamma da aka fasa wurin, wani ruwa mai wari ya tsiyayo, zaren ya ruɓe faɗin tafin hannu biyu, ana danna shi yana lotsawa. Ranar rasuwarka Dogo ne ya fara shiga kabari ya karɓe ka.

Alherin da ka yi mini ni kuwa, shi ne wannan takardar da ake karantawa. Na haura shekara hamsin ban iya karanta ko sunana ba. Ka lura, domin duk gwangwanin da ka miƙo mini hoton jikinsa nake dubawa. Ba ka taɓa kunyata ni a gaban mutane ba. Wata rana dai muna mu biyu ka ce an buɗe ajin manya da yamma a makarantar yara ta bayan kasuwa. Na ce yamma lokacin wanke jirgi ne, kuma kai da bakinka ka ce jirgi ba ya kwana da dattin yini. Ka ce, "To, ka kawo hujja mai kyau." Washegari na dawo daga fiton ƙarshe na same ka tsaye a gaɓa da bokiti da soso. Ka ce, "Sauka, malami na jiran ka." Haka ka yi ta wanke mini jirgi kowace yamma, bayan ka gama naka aikin. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce. Ina zaune a kan bencin yara gwiwoyina na tokarar tebur, kai kana cikin ruwa har ƙwauri. Daga lokacin ka sa mini Ɗalibi, sunan ya bi ni har 'ya'yana suna faɗa a ɓoye. Ranar da na fara karanta maka rubutun jikin gwangwanin mai, ina tuntuɓe a kowace kalma, ka saurara har ƙarshe, sannan ka gyaɗa kai ka ce, "Ashe su ma sun iya."

Da ɗanka ya nemi 'yata, mutane suka ce yanzu kunya za ta shiga tsakaninmu. Ta shiga na ɗan lokaci, sai ka gaji ka ce in daina sunkuyar maka da kai kamar wanda ya fasa maka bokiti. Shekaru suka yi ta tafiya Allah bai ba su haihuwa ba. Ba sai na faɗi irin maganganun da yarinyar nan ta sha ba, a gefe da kuma a fili. Ni ubanta ban san abin da zan yi mata ba sai addu'a. Kai kuwa sai ka ba ta muƙami. Ka ce idonka ya fara rauni, kana bukatar mai duba aiki. Duk jirgin da ka gama sai a kira ta, ta zagaya shi tana duba fuskarta a jikinsa, inda fuskar ta dusashe ta nuna da yatsa, ka koma ka sake. Ka sa mata Sufeto. A gaban mai jirgi, a gaban dangi, ka kan ce, "Sai Sufeto ta sa hannu." Idonka lafiyarsa ƙalau, ni na sani, ita ma ta sani. Amma masu magana sun ga inda ka ajiye ta a gidanka, suka rage murya.

Da ciki ya tabbata bara, kai ka zo ka faɗa mini. Ka ja ni gefe daga cikin fasinjoji kamar mai shirin gaya mini mugun labari. Muka tsaya mu biyu, tsofaffi, muna kallon ruwa, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa ido. Asibitin haihuwa a ƙetare yake, na ce ni zan kai ta, ni zan dawo da su. Ka ce kaiwa dai ka yarda, amma jinjirin ba zai yi tafiyarsa ta farko a duniya cikin jirgin da ke warin fetur da kifi da awaki ba. Bayan 'yan kwanaki sai ga ka da wani ƙaramin jirgi da ka samo a bayan wani gida. Ya yi shekaru a kife a rana, ya koma fari kamar an barbaɗa masa gari, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Na yi dariya har na riƙe ciki. Ka lashi yatsa ka goga a jikinsa, sai ga shuɗi mai duhu ya leƙo a wurin da ya jiƙe. Ka ce, "Yana nan a ciki, Ɗalibi."

Ka ɗora shi a kan katako a rumfarka, kana yi masa aiki tsakanin ayyukan mutane. Ka toshe ƙurajensa, ka bi shi da man gurza da hannu, ba ka bari inji ya taɓa shi ba. Ka gaya mini fatarsa ta yi siriri ƙwarai, wannan gurzar ita ce ta ƙarshe da zai iya ɗauka, in aka sake zare zai bayyana. Daga nan gaba sai dai wanka da man sheƙi. Ka gama gefen hagu. Sufeto ta zo da tsohon cikinta ta duba, ta ce ya yi. Saura shafa mai a gefen dama. Kana ganin da sauran makonni.

Sai yarinya ta yi gaggawa. Ran Litinin da safe naƙuda ta tashi kafin lokaci, na ƙetara da su, aka yi wa 'yata aiki, Allah ya sauke ta lafiya. 'Ya mace, 'yar ƙarama, amma da murya. Likita ta ce za a riƙe su har su yi ƙwari. Aka miƙo mini ita na ɗauka. Aboki, ban san yadda na dawo ba. An ce ina tuƙi ina waƙa, an ce duk jirgin da muka gitta sai da na ɗaga masa hula. Kai tsaye rumfarka na zo, ko jirgi ban ɗaure da kyau ba. Na ce na riga ka, amarya ta gan ni ta ce ta yi miji, ka nemi wata. Ka ajiye tsumma ka tambaye ni komai: hancin wa ta ɗauko, yatsunta fa, uwar ta farka? Na ce tashi mu koma yanzu, ruwa a kwance yake. Ka dubi gefen dama, ka dube ni. Ka ce, "Ba zan je mata hannu rabbana ba. Gobe in gama, jibi in je da shi, ta san wane ne mijin kirki." Na ce tsohon banza kawai. Ka yi dariya. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Na so a ce wata ce daban, amma ita ce.

Ran Talata ka shafa mai a gaban jirgin ta dama, iya inda hannu ya kai. Mai ɗakinka ta kawo maka shayi ta koma ciki. Da ta dawo ɗaukar kofi ta same ka a zaune ka jingina da ginshiƙin rumfa. Ta yi tsammanin gyangyaɗi kake.

Sai washegarin jana'iza na iya shiga rumfar. Man yana nan yadda ka shafa shi. Zagaye-zagayen hannunka sun bushe sun yi fari, ana iya bin su da ido a ga inda ka fara da inda ka tsaya. A tsakiyarsu kuma ga layi ɗaya, shatin yatsanka, tsaf, shuɗi na ƙyalli a ciki. Ashe ka tashi ka gwada. Ka ga ya isa gogewa, ka ɗauko tsumma mai tsabta, ka ɗan zauna. Na daɗe a tsaye a gaban layin nan. Sannan na miƙa hannu wajen igiyar tsummoki, domin abin da ka koya mini ke nan.

"Baban Sufeto, kar ka taɓa." Mai ɗakinka ce a bayana. Ta ce a duk gidan nan babu inda hannunka ya rage sai nan. Tufafi tufafi ne, kofi kuma an wanke. Wannan kuwa kai ka ja shi da yatsanka, kana numfashi. Na ce mata man zai ƙame. Rana in ta karkata ta wannan gefen take shigowa, in ta gasa shi kwana da kwanaki ba zai fita ba sai da gurza, fatar kuwa ba za ta ɗauka ba. Ta ce ta ji. Ta ce a bar shi. Wace magana gare ni a gaban matar da ta yi shekara arba'in tana kai maka shayi?

Ɗanka ya ɗauki hoton wurin da waya ko za ta haƙura da shi, hoton ya fito fari kawai, ba layi ba komai. Shi kansa ba ya iya tsayuwa a rumfar. Ya ce mini in an sallame su in ɗauko su a jirgina kawai, wannan a rufe shi. Muka rataya tamfol ta gefen rana. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. In na goge, na share abu na ƙarshe da ka bari, na kuma ƙara wa matarka ciwo. In na bari, jirgin da ka kwashe watanni a kansa, wanda saboda shi ka ɗaga ganin jikarka, zai lalace a bayan tamfol bai taɓa ruwa ba.

Wani abu kuma ya dame ni a kwanakin zaman makoki, gara in gaya maka. Murna ta ƙi barina. Ina zaune cikin masu gaisuwa, hawaye a idona, sai in tuna yadda yarinyar ta damƙe mini ɗan yatsa, in ji bakina ya buɗe da kansa. Kullum da safe ina ƙetarawa in gan ta, in dawo in zauna a ƙofar gidanka ina ƙoƙarin ɗaure fuska. Wani daga cikin danginka ya lura, ya ce a inda zan ji, wasu ba su san inda ake dariya ba. Na sunkuyar da kai. Maganar ta kai cikin gida. Sai ga ƙaramar 'yarka ta fito da saƙon mahaifiyarta, ta faɗa a gaban kowa: "Mama ta ce a ƙyale Baba Ɗalibi, murnar mutum biyu yake yi."

Ran Asabar likita ta ce Litinin za a sallame su. Na gaya wa 'yata zan wanke jirgina da kyau in shimfiɗa mata katifa. Ta ce, "Baba, ai an yi mini jirgi." Na gaya mata halin da ake ciki. Ta dubi jaririya, ta ce ko rabi ne, ita a cikinsa take so ta koma. Ban kai wa mai ɗakinka wannan magana ba, ban ga dalilin ɗora mata wani nauyi ba.

Ran Lahadi bayan azahar na zagaya ta rumfa in duba tamfol. Na sami mai ɗakinka a tsaye, ta ware mayafinta da hannu biyu ta tare wani wuri da iska ta yage, rana na dukan bayanta, inuwarta a kan shatin yatsanka. Ashe kullum haka take yi in rana ta karkata. Ba ta juyo ba. Ta ce, "Kullum sai ta sami ƙofa. Jiya ta can, yau ta nan." Ta ce, "Ina tsaye a nan sai in ji kamar zai fito ya ce wa ya bar masa mai a jikin jirgi. Ka dai san shi. Bai taɓa barin sa ya wuce kofi ɗaya ba, ni ga shi na bar masa kwanaki." Sai ta sauke hannu ɗaya ta share ido. Ta ce, "Zai fita kuwa, ba tare da gurza ba?" Na sa farce a gefen man. Ya yi tauri, amma bai gasu ba. Inuwar da ta yi ta yi masa ce ta cece shi. Na ce zai fita.

Ta aika aka kira ɗanka. Ya riƙe gwangwani, ni ina ɗora sabon mai a kan naka, ina bin zagayen hannunka, in jira kaɗan in goge. Daga gefe muka fara muna matsowa ciki. Aiki ne mai wuya, kafaɗata har yanzu tana gaya mini. A hankali farin ya yi ta tsukewa, shuɗi na fitowa, har ya rage ɗan wurin da layin yake. Ta ce, "Ku bar mini nan." Ta ɗora yatsanta a farkon layin ta ja shi a hankali har ƙarshe. Sannan ta fito da tsumman da aka samu a cinyarka, wanda ta adana tun ranar, ta lakaci mai, ta yi bismillah, ta goge. Ta shige gida ba ta dubi kowa ba. Ni da ɗanka muka tsaya, ba mu san ko mu ci gaba ba. Can sai ga ta da shayi. Ta ajiye a kan bencinka ta ce, "Saura baya."

Muka gama kafin magariba. Da safe Dogo ya zo da mutanensa aka sauke jirgin, ya ɗaura masa ƙaramin injinsa, ni da ɗanka muka ƙetara. Sufeto ta gangaro bakin ruwa a hankali saboda ɗinki, jaririya a hannun mijinta. Ba ta shiga ba. Ta tsaya ta sunkuya tana duba fuskarta a gefen dama. Ta ce, "Baba, wa ya yi wannan?" Na ce ni da mijinki. Ta nuna nan, ta nuna can, ta ce, "Bai yi ba." Ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, muka jira ta. Da ta natsu ta ce, "Yau kaɗai na yafe muku." Ta shiga.

Ban taɓa yin fito a hankali kamar na ranar ba. Da muka doso bayan gidanka na hango mai ɗakinka da 'ya'yanka mata a gaɓa. Ka san ni, da gefen dama na saba tsayawa. A ranar na zagaya na kawo hagu. Aka miƙa wa kakar jikarta. Ta karɓa, ta tako har ruwa ya taɓa mata ƙafa, ta durƙusa kusa da gefen da ka gama da hannunka, ta janye zane daga fuskar yarinyar. Sai ga fuskar a cikin shuɗin, 'yar mitsitsiya, tar da ita, har hancin nan naka da ta ɗauko. Ta ce, "Malam, ga ta. Ga amaryar taka ta iso."

Aboki, na riga ka ganin ta, amma kai ka kawo ta gida. Jirgin yana rumfarka a inuwa. Ni zan riƙa wanke shi, da sabulu mai sauƙi, daga sama zuwa ƙasa. Gefen dama zan sake shi, domin Sufeto ba ta sa hannu ba tukuna. In yarinyar ta yi wayo zan sa tafin hannunta a gefen hagu in gaya mata wanda ya yi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da ɗanka, da 'ya'yanka mata, da 'yata wadda ta rasa uba na biyu, da dangi na kusa da na nesa, da duk mai jirgin da hannunka ya taɓa shafa. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya raya wannan yarinya a kan alheri, ya albarkaci bayanka. Allah ya gafarta maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, ya wanke ka fiye da yadda ka wanke jiragen bayinsa. Yadda ka rufa wa mutane asiri a kan ruwa, Allah ya rufa maka naka ranar tsayuwa. Ya yalwata makwancinka, ya haskaka shi, ya zaunar da kai a inuwar da rana ba ta karkatowa cikinta. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.